Wata huɗu da Goggo ta yi a gidan jinyar tsofaffi a Sakkwato: yadda ranar gidan take da yadda darensa yake

Goggo yayar mahaifina ce. A ɗakinta aka yaye ni, daga ɗakinta kuma aka kai ni ɗakin miji. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma mu huɗu ta riƙa. Ranar da hawan jini ya kayar da ita a bakin randa, ɓarin jikinta na dama ya shanye, muka kwashe ta zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi kwana 19. Da za a sallame mu likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce magani ya yi nasa, saura jinya, kuma jinyar mai tsawo ce: a riƙa juya ta duk bayan awa biyu dare da rana, a zaunar da ita kafin a ba ta abinci, a kuma ci gaba da yi mata gashi, wato motsa mata gaɓoɓin da suka shanye.

Na ɗauke ta zuwa gidana a Mabera, na yi wata biyu ina fama. Ina koyarwa a firamare, ga goyo, maigida kuma a Birnin Kebbi yake aiki, sai Juma'a yake zuwa. Goggo mace ce mai jiki, ni kaɗai ba na iya ɗaga ta. Cikin sauran ukun da ta riƙa, biyu suna aure nesa, ɗayan namiji ne, kuma tun tana da bakinta ta sha cewa ɗa namiji ba zai ga tsiraicinta ba. Ranar da muka zame ni da ita a banɗaki, na yi kusan rabin awa a ƙasa ina riƙe da kanta ina ƙwala wa maƙwabta kira, ranar na yarda abin ya fi ƙarfina.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini gidan. Ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba, domin akwai ƙananan ma'aikata da maganata za ta iya jawo wa kora. Gida ne mai zaman kansa, wata Hajiya tsohuwar nas da ta yi ritaya ce ta buɗe shi. Ɓangaren mata daban, na maza daban da ƙofarsa. Lokacin da muka shiga a watan Fabrairu tsofaffi tara ne a ciki, shida mata uku maza. Kuɗin wata naira 150,000, ban da famfas da magani da kuɗin mai gashi. Mu huɗun muke haɗawa.

Kafin in ce komai a kan gidan, sai na faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Da Baffa ya ji labari, har gida ya same ni, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ke ɗiyata, gidan gajiyayyu kunka kai ta muna da rai? Mi kika son mutanen gari su ce?" Na durƙusa na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, in akwai wadda za ta kwana tana juya ta, yau ɗin nan zan je in ɗauko ta." Ya yi shiru ya fita. Ban ga laifinsa ba, ni ma a kan wannan tarbiyya na tashi, na san matsayin iyaye idan tsufa ya kama su a hannunka. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da rana, gaskiya, gidan ya burge ni. Abin da na fara lura da shi tun daga bakin ƙofa shi ne babu zarnin fitsari, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai kwance ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ana yi musu wanka da ruwan ɗumi da hantsi, a shafe su da man kaɗanya, a canza zanin gado. Mata ke wanke mata, a ja labule. Kowace safiya ana auna jini a rubuta a littafi, kuma littafin a buɗe yake ga 'yan uwa. An jera gadajen yadda mai kwance zai iya fuskantar alƙibla, ga ɗan faranti da ƙasa mai tsabta domin taimama. Da azumi ya kama, suna kunna musu tafsiri a Rediyon Rima, ka ga leɓunan tsofaffi suna motsi.

Nas ɗin rana kuwa, Allah ya saka mata da alheri, a hannunta na koyi ba Goggo abinci. Ni a gida kishingiɗar da ita nake yi in ɗura mata kunu mai ruwa-ruwa, ta yi ta ƙwarewa ina cewa sannu. Sista ta nuna mini cewa mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya tana ba shi wahala, abu mai ruwa sosai yakan zarce hanyar numfashi, daga nan sai ciwon huhu. Ita sai ta zaunar da Goggo sosai, ta tokare ta da filo biyu, ta dama kunun gyaɗa da kauri, ta ɗebo da ƙaramin cokali ta saka ta gefen hagu mai lafiya. Sai ta jira. Ba ta ƙara wani cokalin sai ta ga maƙogwaro ya motsa. In an gama ta leƙa cikin kumatun dama ko abinci ya maƙale, sannan ta bar ta a zaune rabin awa. Kofi ɗaya yakan ci mata minti ashirin, ban taɓa ganin ta ƙosa ba. Tana yi tana cewa, "Inna, saura kaɗan, ku daure."

Abinci ne ƙorafina na farko. Tukunya ɗaya ake yi wa kowa, mai hawan jini da mai ciwon suga, miyar kuka ta sha gishiri da magi. Na yi magana, aka fara ɗebar wa masu hawan jini tasu kafin a zuba, aka ƙara daddawa. Wannan an gyara cikin mako guda.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne a watan Afrilu. Duk ɗan Sakkwato ya san zafin Afrilu, da rana ya haura digiri 40, da dare bango ya yi ta amayar da abin da ya sha. Wata Juma'a na bar Goggo bayan isha'i a kwance ta gefen hagu, da hannuna na saka mata filo tsakanin gwiwoyi, na rataya mata carbinta a yatsa. Da yake maigida yana gari, sai na ce ya kai ni bayan sallar asuba in kai mata fura. Ban sanar da kowa ba, ban ma je da niyyar bincike ba.

Na tarar da ita yadda na bar ta. Filon yana inda na sa shi, carbin yana yatsanta. Famfas ya cika har ya jiƙa zani, ɗakin kamar tanda, fanka a tsaye. Katifar iska da muka saya mata da kuɗinmu ta sace ta kwanta, domin batirin sola ya mutu tun cikin dare, kuma ba a tayar da janareta sai da izinin Hajiya. Na ɗauki takardar juyi da ke rataye a ƙafar gado, wadda ake sa wa hannu duk lokacin da aka juya mai kwance. An sa hannu a ƙarfe goma, an sa a sha biyu, biyu, huɗu. An sa har a ƙarfe shida da takwas na safe, alhali lokacin shida ba ta ma yi ba.

Na juya ta, na ga wani jan tabo a kwankwasonta, faɗinsa kamar murfin kofi. Na danna da yatsa yadda Sista ta koya mini. Fatar da ke da lafiya in ka danna takan yi haske sannan jini ya dawo, wannan ko gezau. Farkon gyambon kwanciya ke nan. Nauyin jiki ne yake danne fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin, jiƙa da gumi kuma su ƙara rura abin. Wata biyu na yi ina tashi tsakar dare da goyo a baya don kada in ga wannan tabo. Na ce, "Goggo, tun yaushe?" Bakinta ba ya fita sosai. Ta dai kama wuyan hannuna da hannunta na hagu ta riƙe gam.

Yarinyar da ke aikin dare na same ta a kan benci ta jingina da bango, barci ya sace ta. Na tashe ta raina a ɓace, na nuna mata takardar. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Anti, wallahi ni ɗai anka bari da mutum tara." Ba nas ba ce, 'yar aiki ce da aka koya wa shara da canza famfas. Tun magariba take kan ƙafa, wata tsohuwa mai ruɗewar tsufa ta hana ta sakat tana neman ƙofa wai za ta tafi gida, kuma ba ta iya juya mai nauyin Goggo ita kaɗai. Albashin da ta faɗa mini ko rabin naira 70,000 da aka ƙayyade a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi bai kai ba. Fushina ya sauka daga kanta nan take. Ƙaryar da ta rubuta laifi ce, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wadda ta tsara aikin ta fi kowa sanin haka, tunda ta yi shekaru tana aikin dare a asibiti.

Da Hajiya ta zo ban ɗaga mata murya ba, sa'ar uwata ce. Na miƙa mata takardar na ce, "Hajiya, ku duba agogo ku duba wannan." Ba ta yi musu ba, kuma wannan na yaba mata. Ta duba kwankwason da kanta, ta ce laifinta ne. Cikin kwana uku ta ƙara mai aikin dare ta biyu, ta ba su mabuɗin janareta, ta kuma ƙara mana naira 20,000 a wata, muka biya. Fatar ta ɗan fashe duk da haka. Ita da kanta ta riƙa wanke ciwon kullum, sai da ya yi mako biyar kafin ya rufe.

Abin da har yau ban yafe ba shi ne na tsohuwar gadon da ke kusa da na Goggo. Ɗanta yana Abuja, kuɗi ba ya yankewa ko wata ɗaya, amma cikin wata huɗu sau ɗaya na gan shi. Bayan abin da ya faru sai na ɗaga zaninta na duba ƙafarta. Dunduniyarta ta yi baƙi a ƙarƙashin bandeji. Nata ya riga na Goggo da makonni, bai sa an ƙara ma'aikaci ba, domin babu wanda ya zo da asuba ya ɗauki takarda ya tambaya.

Tun ranar farko na nemi ganin takardu, Hajiya ta nuna mini lasinta na aikin jinya da takardar rajistar gidan. Amma duk zirga-zirgar da na yi, safe da yamma, ban taɓa cin karo da wani jami'i ya zo duba gadaje ko ƙirga ma'aikatan dare ba. Dokoki kuwa akwai su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce wurin kula da lafiya sai da takardar shaidar cika ƙa'ida. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi zalla tun 2012. Mu a nan kunya ta hana mu ko ambaton irin waɗannan gidaje, wanda ya kai nasa ɓoyewa yake yi, to wa zai fito ya yi ƙorafi? Ina ganin da masu hali za su kafa irin wannan gida a matsayin waƙafi, tunda jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, da an samu wurin da malamai da likitoci za su sa ido a fili, talaka ma ya samu shiga. Naira 170,000 a wata ba kowane gida ke iya haɗa ta ba, mu ma da kyar muka kai wata huɗu.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai nasa wannan gida, zan ce masa e, in jinyar ta fi ƙarfinsa, in kuma yana cikin gari zai riƙa zuwa. Ya tambayi mutum nawa ke kwana da su, a cikinsu akwai nas ko babu, me ake yi in wuta ta ɗauke ƙarfe biyu na dare. Ya riƙa zuwa a lokacin da ba a zata ba, ya juya tsohonsa da hannunsa ya duba tsatso da kwankwaso da dunduniya. Wanda kuma yake son ya tura kuɗi ta waya ya huta, kada ya kai.

Farkon Yuni na dawo da Goggo Mabera. Gashi ya yi amfani, tana zama da kanta in an tokare ta, tana riƙe cokali da hagu. Ƙanwata ta dawo gari, muna karɓa-karɓa da dare, mun ɗauki mai taya mu da rana. Baffa yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci ya zauna a bakin gadonta.

Ranar da za mu fito, ina tura keken Goggo, tsohuwar gadon kusa ta kama bakin hijabina ta ce, "Ɗiyata, ke ma tahiya za ki?" Na ce mata, "Inna, ina nan zuwa Asabar in sha Allah." Ina zuwa har yanzu. Nakan kai mata fura mai kauri, in zaunar da ita in ba ta da cokali, sannan in ɗaga zanin in duba ƙafar. A makon jiya na tarar an saka mata filo a ƙarƙashin ƙwauri, dunduniyar ba ta taɓa katifa, ciwon ya fara ja daga gefe.