Kallon 'yan folk-rock a Camden: kiɗa ya biya, zaure bai biya ba

In kiɗan kaɗai za a tambaye ni, kuɗina ya fita har da riba. Sai dai wanda ya yanki tikiti a Landan ba kiɗa kaɗai yake saye ba, kun dai sani.

Wani Bature abokin aikina ne ya matsa min in raka shi wani ɗan zaure a unguwar Camden Town ta Landan, irin waɗanda ake saukar musu ta matakala a ƙarƙashin mashaya. Makaɗan su biyar ne daga Bristol. Ba ku san su ba, ko a nan ɗin ma ba kowa ya san su ba. Irin su ake ce wa 'yan indie: babu babban kamfanin faifai a bayansu, su ke tsara waƙa, su ke tuƙa motar kayansu, su ke tallar rigunansu a bakin ƙofa. Salon kuwa, wato folk-rock, waƙar gargajiyar Turawa ce aka cusa mata jita mai lantarki da ganguna, abin da aka yi wa mawaƙin Amurka Bob Dylan ihu a kansa a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a 1965. Ni kara kawai na je yi, na riga na shirya wa samari masu gemu da koke-koken soyayya.

Farkon wasan haka ya tafi. Ganga ta danne komai, ba a jin abin da mawaƙin ke faɗa, ga wata lasifika ta gefen hagu tana ta gurnani. Sau da yawa yana ɗaga wa mai kula da sauti hannu, shi kuwa gogan yana can yana latsa waya. Har na fara neman hanyar zamewa sai lasifikar ta yi wata ƙara ta mutu gaba ɗaya.

To nan fa aka yi ta. Maimakon su tsaya jiran gyara, sai suka zare wayoyin kayansu suka sauko cikin jama'a, aka buɗe musu fili a tsakiya. Mai ganga ya bar gangunansa yana tafi, mai goge ya jingina da ginshiƙi, muryoyi huɗu suka hau kan juna, kowa da nasa tsani amma ba mai taka wani. Yarinyar da ke kaɗa banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, ta tsaya dab da ni, har ina ganin hannunta. Ba ta jan tsirkiya sama yadda ake yi wa jita. Da bayan farce take dukanta ƙasa, babban yatsa kuma ya kamo 'yar gajeriyar tsirkiya ta biyar, wadda ba ta kai ƙarshen wuya ba, yana maimaita sauti ɗaya ba fashi. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Wannan amon fata a kan ƙoƙo, duk wanda ya taɓa zama gaban mai gurmi ya san shi.

Kuma ba kunnena ne ya yaudare ni ba. Banjo asalinta ƙwarya ce da fata, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa ta a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, kafin Turawan Amurka su karɓe ta su sa mata ƙarfe. Ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya har yau suna da akonting mai tsirkiya uku, kuma haka suke dukanta da farce da babban yatsa. Da aka tashi na tare yarinyar na faɗa mata muna da 'yar uwar abin nan a gida. Ashe ta san labarin, ita ta fara kira min sunan akonting, ta kuma sa na rubuta mata gurmi a wayarta.

Waƙa uku suka yi a haka. Ana cikin ta ukun wani ƙato ya ɗaga kofi don jinjina, ya juye min rabin giya a kafaɗa. Farar shadda ce a jikina, sabon ɗinki daga Kano. Haƙurin da ya ba ni bai wuce kalma ɗaya ba, ya juya abinsa. Ni da ko ɗanɗana ta ban taɓa yi ba, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Northern line ina wari, wata tsohuwa tana ta kallona.

Tunda an zo nan bari in fito da sauran. Zauren babu kujera ko ɗaya, tun buɗe ƙofa a tsaye muke. Daɓen yana kama takalmi saboda danƙo. An caje ni kuɗin sayen tikiti ta intanet, aka sake caje ni kuɗin ajiye rigar sanyi, sannan da na nemi ruwan famfo, wanda doka ta tilasta wa duk mashaya a Ingila ta bayar kyauta, sai da aka sha min kunu. Ƙarfe sha ɗaya daidai aka kunna fitilu, jama'a na ihun a ƙara ɗaya, masu gadi na kora. Lokacin da aka ɓata kan lasifikarsu babu wanda ya biya mu.

Makaɗan ba su da laifi, na ma sayi faifansu duk da ba ni da abin kunna shi. In sun dawo Landan zan je, amma sai in wurin zama ne. Shaddar kuwa mai wanki ya ce zai gwada, bai yi alkawari ba.