Doki ya galabaita da zafi: inuwa ko ruwan sanyi?

Lokacin bazara, Maris zuwa Mayu, in aka sha kilisa ko hawan Sallah da rana tsaka sai ka ga doki yana haki hanci a buɗe, kai a ƙasa, tafiya ma yana tangaɗi. To nan masu doki suke rabuwa biyu.

Wasu sun ce a cire sirdi da jalala a kai shi inuwa ya huce da kansa, wai ruwan sanyi zai ƙage masa jijiya. Inuwa tana da amfani kam, amma wallahi ita kaɗai jinkiri gare ta, dokin da zafin jikinsa ya haura digiri 41 alhali na lafiya bai wuce 38 da ɗan wani abu ba, ba shi da lokacin jira.

Ni ina ɓangaren ruwa. A yi ta kwara masa bokiti bayan bokiti, wuya, ƙirji, baya, cinyoyi, ko da ƙanƙara a ciki, kada a tsaya. Binciken da aka yi kafin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya nuna ruwan sanyi ba ya cutar da doki, saukar da zafin yake yi da sauri. Kawai kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, riƙe zafi yake yi.

Kuma don Allah a bar shi ya sha, doki na iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya. In hakin bai lafa ba a kira likitan dabbobi nan take.