Gargaɗi ga mutanen Zariya: ba kowace waya ce faiba ba

Jama'a, a yi hattara da masu bi gida-gida da rigar ma'aikata mai ƙyalli suna tallar intanet na faiba, musamman inda ɗalibai da ma'aikata suka yi yawa, irin su Samaru, Kongo da Hanwa. Wasu kafin alƙalami kawai suke karɓa a asusun mutum ɗaya, daga nan lambarsu ta daina shiga. Masu wayon cikinsu kuwa aikin suke yi, sai dai abin da suka jawo ba faiba ba ne.

Ku duba wayar da ta shigo daga waje, ba ta cikin ɗaki ba. Faiba zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ke bi ta cikinsa. Kansa na roba ne, kore ko shuɗi, ana soka shi a wani ɗan akwati mai fitilun PON da LOS, kuma in zaren ya tsinke LOS ce ke yin ja. Idan kan na murɗawa ne da tsinken jan ƙarfe a tsakiya, irin na dikoda, wannan kebul ne. Idan mai faɗi ne da ƙananan wayoyi 8 a ciki, wayar kwamfuta ce, kuma a nan cutar ta fi yawa: daga rawuta (na'urar raba intanet) mai layin waya a ciki ta wani gida aka jawo ta, gida goma na rabon data ɗaya. Shi ya sa bayan magariba ko saƙon murya sai an yi ta jira. Ita wannan wayar iyakarta mita 100, kuma da damina, in an rataya ta a sarari tsakanin gidaje, tsawa na iya bi ta cikinta ta ƙone rawuta har da kwamfuta. Zaren faiba kuwa gilashi ne, ba ya ɗaukar lantarki.

Kafin ku ba da ko sisi, a nuna muku akwatin rabawa a falwayar layinku, ku kuma nemi sunan kamfanin a jerin masu lasisi na hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC. A biya a asusun kamfani, a karɓi rasit. Mai aikin gaske da na'urar auna haske yake zuwa. A yawancin layukan faiba ana son ta nuna tsakanin -8 da -27 dBm, wato ma'aunin ƙarfin hasken. Wanda ya zo da filaya da salatif kawai, ku sallame shi.

Af, kada a bar yara su leƙa bakin zaren. Hasken ba ya ganuwa, amma yana illata ido.