Gargaɗi ga masunta: a yi hattara da masu tallar kujerar goshin kwalekwale

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masuntan tafkin Madarunfa ne da na sauran ruwayen jihar Maraɗi, da ƴaƴansu mazauna gari, don galibi ta wayarsu tallar ke isa gida.

Wasu mutane na yaɗa hotuna a WhatsApp da Facebook na wata kujera mai taushi da majingina, kafe bisa bututun ƙarfe a goshin jirgi. Suna cewa tana juyawa ta kowane ɓangare, tana raba masunci da ciwon baya, ƙarfenta ba ya tsatsa, ga kuma kyautar rigar ceto. Daga nan sai su ce kaya na hanya daga Kwatano ko Legas, saura ƙwaya kaɗan, a tura rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami. Ba su da shago, ba sa yarda a zo a gani, kuma sunan da za a tura wa kuɗin daban yake da na mai magana. Kuɗi na shiga sai waya ta mutu. Wanda aka aiko wa kaya kuwa, abin da ke isowa tasha saman kujerar ofis ce da aka yi wa walda da siririn bututu, aka fesa fenti mai ruwan azurfa.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsala. Abin da ya fi damun mu shi ne ko da ta gaskiyar aka kawo, ba don kwalekwalenmu aka ƙera ta ba. Hotunan na jiragen kamun kifin shaƙatawa ne na Amurka, masu faɗin kusan mita 2 da shimfiɗaɗɗen daɓe a gaba. A can ma akwai gargaɗi liƙe jikin irin wannan kujera cewa kada a zauna kanta idan gudun jirgi ya wuce mil 5 a awa, wato kimanin kilomita 8. Namu na katako da yawansu faɗinsu bai kai mita 1 ba, goshin kuma shi ne wuri mafi tsukewa. Kwalekwale na zama daram ne idan nauyi na ƙasa kuma a tsakiya. Ka ɗaga ƙato mai kilo 70 sama da bakin jirgi, ka ba shi kujerar da ke juyawa da shi lokacin da yake jan taru, to ƙaramar karkata ta isa ruwa ya ɗebo ta gefe. Nauyin kuma na danne goshi ƙasa, wutsiya ta ɗaga, mai tuƙi ya kasa sarrafa jirgin. Duk wanda iskar hadari ta taɓa riska a tsakiyar tafki ya san igiyar ruwa ta goshi take fara shigowa.

Sai batun kafawa. Bututu mai tsawon santimita 40 da mutum a kansa yana girgiza gindinsa kamar yadda ake girgiza turke don a tumɓuke shi. Maƙeran gaskiya suna ɗaure faifan gindin da ƙusoshi masu zare guda 6 da ke ratsa daɓen, a tare su ta ƙasa da wani faifan, da washa da noti. Waɗannan kuwa ƙananan sukurori huɗu suke haɗowa da su, su ce a murɗa cikin katako. Katakon da ke kwana cikin ruwa ba ya riƙe irin waɗannan ƙananan sukurori da kyau. Ramin zai yi ta buɗewa har ranar da kujerar za ta tashi da mutum, ta bar jirgi da yoyo. Mai jefa birgi, wato ragar da ake wurgawa da hannu, kuma ya sani cewa hannun kujera da mariƙin juyawa wuraren sarƙe raga ne, kuma raga ɗaure take da wuyan hannunsa.

Idan kaya ya riga ya zo hannu, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A kanga maganaɗisu jikin bututun: ƙarfe mai kyau marar tsatsa da alminiyam ba sa kama shi sosai, idan ya manne gam to baƙin ƙarfe ne, damina ɗaya ta cinye shi. A kankare fentin da wuƙa a wurin waldar, a duba ko ɗigo-ɗigo aka yi maimakon a zagaye. A farke ɗinkin ƙasan matashin kaɗan, a yanko soson a tsoma a ruwa a matse. Na jirgi ba ya shan ruwa. Na katifa yana sha, ya yi nauyi, ya riƙa jiƙa mutum cikin sanyin hunturu.

Rigar ceton ce ta fi ba mu tsoro, domin mutum zai sa ta ya saki jiki. Ta gaskiya tana ɗauke da lambar ISO 12402, wato ma'aunin ingancin rigunan ceto na duniya, da ƙarfin ɗagawarta, 100N ko 150N, da nauyin mutumin da aka yi ta dominsa. Amma rubutu kowa na iya bugawa, don haka a gwada. A ɗaura mata ƙarfe mai kilo 7, a saka cikin duro cike da ruwa, a bar ta ta kwana ta yini. Idan an tarar ta nutse, ko ta yi nauyi tana tsiyaya, tarkacen soson kwali ne a ciki. A ja ɗamarar da ƙarfi a ga ko maƙulli zai ɓalle. Wadda ta faɗi gwaji a yayyanka ta, kada a ba yaro.

Ciwon bayan da suke fakewa da shi gaskiya ne, kuma maganinsa na wurin kafintan da ya ƙera jirgin. Ya gitta katako mai kaurin santimita 3 da faɗin 25 daga gefe zuwa gefe, ƙasa da bakin jirgi da kamar taƙi ɗaya, a ja shi baya daga tsinin goshi zuwa inda jirgin ya fara buɗewa. A ɗora shi kan ƙafafun da aka ɗaure da haƙarƙarin jirgi, a goge kaifin gefuna, a sa gajeriyar majingina, a shimfiɗa soson da ba ya shan ruwa, a kafa ɗan katako a ƙasa na tokare ƙafa. Kafin a shiga zurfi a gwada a bakin gaɓa inda ruwa ke iya gwiwa: mutum ya zauna, ya karkata dama da hagu, wani na kallon bakin jirgi.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya ƙara ko sefa ɗaya da sunan kuɗin kwastan ko na mota, wannan ita ce damfara ta biyu. Ya ajiye takardar aikawa, ya ɗauki hoton hirar da lambar kafin su goge, ya kai komisariya ko wurin jandarma. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Ya kuma sanar da sarkin ruwa da shugabannin ƙungiyar masunta, a faɗa a bakin tafki da ranar kasuwa, saboda dattawan da ba sa karanta saƙon waya.