Na yi hayar keke a Yelwa, ga yadda ta kaya bakin ruwan Yauri

Bukin ƙanin matata yak kai ni Yelwa, wato garin Yauri, farkon Janairu, kwana ukku, kuma kun dai san sha'anin buki, da an shafa fatiha namiji bai da sauran aiki sai zaman tabarma da gaishe gaishe. Ni ko likita ya daɗe shina mini faɗan tumbi, sai nic ce bari in nemi keke in zagaya bakin ruwa tunda rabona da hawa mai nisa tun ina sakandare. Wani surukina yay yi mini kwatancen wani dattijo mai gyaran keke da ke bada haya, can wani lungu ba nisa da kasuwa.

Kar ku sa ran shago mai gilashi, rumfar kwano ce da benci guda da tsoffin tayu rataye ko ina. Gyara shi ne sana'ar, haya gefe ce. Kekunan ba su fi goma ba, akwai Phoenix irin na kakanninmu, akwai ƴan gwanjo masu giya da faɗin taya, sai guda biyu na tsere masu siririyar taya da kai lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ni dai idona na kan na tseren, har na kama shi ina murza feda.

"Yallaɓai ina ka nufa da shi?"

Nic ce Baba wajen Zamare nike son zuwa, in na dawo in gangara ƙauyukan bakin ruwa.

"To aje shi. Wanga ɗan kwalta ne, kwaltar ko ba ta kai inda kake so."

Nan fa nig gane kuɗin da zan biya ba na ƙarfen ba ne kaɗai. Ya zaunar da ni shina zana mini hanya a ƙasa da sifana, nan ka bi, nan kar ka bi ruwa ya cinye ta. Nic ce ruwa kuma cikin hunturu, rabonmu da hadari wata ukku? Yay yi dariya yac ce ai baƙin ruwa ya iso. Ashe Kwara sau biyu take cika a shekara wajen nan. Akwai farin ruwa na damina mai laka, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, sannan akwai baƙin ruwa, shi wannan ruwan saman da anka yi ne can ƙasar Gini inda kogin yat taso, sai ya ratso Mali da Nijar a hankali shina tace lakarshi, bai isowa nan sai wajen Disamba. Shi ya sa lokacin da ko ina ya bushe ƙura na tashi, lokacin tafkin Kainji yake cike maƙil, hanyar da za ka bi da keke lafiya lau a watan Yuni yanzu sai dai kwalekwale. Wallahi ni ɗan jihar ne amma ban taɓa sanin haka ba, kuma taswirar waya ba ta faɗa maka.

Naira dubu ukku yac ce wuni, in bar katin shaida ko a samu wanda ya san ni, sai in ƙara dubu ɗaya ya haɗa ni da yaronshi ya raka ni. Ku biya wagga dubu ɗayar, kar ku yi rowa.

Washegari munka yi alkawali bayan asuba, na iso shidda da kwata sanyi na kaɗa ni, rumfa rufe. Sai kusan bakwai da rabi yaron yab bayyana da mabuɗi shina goge ido. Wannan ya ci mini rai don sanyin safiya shi ne dut ribar tafiyar, na dai huce da koko da ƙosai wajen wata mata da ke kallon rumfar.

Farkon hanya kwalta ce kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. Babbar hanyar da ta fito daga Jega da Koko ta ratsa Yauri ta nufi Kontagora ta manyan motoci ce, tirela na wucewa iskarta na neman tura ka rami, ga ramukan kansu, ga ƴan kabukabu da ba su ɗauki mai keke mutum ba. Hular kwano ko da nit tambaya dattijon dariya yay yi, ko guda bai da ita. In kana da taka zo da ita.

Amma da munka sauka kan jar ƙasa sai duniya ta canza. Hazo ya kwanta kan ruwa ba ka ganin wancan gefen, sai inuwar kwalekwale da mutum tsaye shina jefa birgi. Gonakin albasa kore shar har bakin ruwa, injin ban ruwa na ta ƙara, ƙamshin albasar ya cika hanci. A wata tunga munka iske mata sun baza warangi kan tabarmi, ƙananan kifin nan da ba su kai ɗan yatsa ba, suna sheƙi kamar an zubar da azurfa, yara riƙe da sanda suna korar kaji. Gefe guda murhun banda na hayaƙi, an nannaɗe tarwaɗa an jera kan waya. Nan nit tsaya kusan minti arba'in, wai hutawa, gaskiya dai cinya ce tak ƙi.

Wani tsoho da ke ɗinkin koma ya ba mu wuri, hira ta kai mu ga dam. An fara ginin Kainji 1964 anka gama 1968, ruwa ya taso ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye da ƙauyuka masu yawa, mutum sama da dubu 40 anka tayar anka sake ma matsuguni, cikinsu har da Gungawan Yauri. Tsohon ya miƙa hannu tsakiyar ruwa inda ba komi sai hazo, yac ce can anka yanke mishi cibiya, akwai wata tsamiya ƙofar gidansu. Bai ƙara ba, ya ci gaba da ɗinkinshi.

Yaron ya kawo shawara mu ɗora kekunan a jirgi mu ƙetara Rofiya mu dawo. Na leƙa jirgin, buhunna da babura da mutane har baki, ba rigar ruwa ko guda, nat tuna jirgin da ya kife wajen Wara a watan Mayun 2021 da rayukan da anka rasa, nic ce a'a ɗan'uwa, ƙasa ta ishe ni.

Yanzu ga inda zan rage musu maki. Muna dawowa wajen sha ɗaya ƙayar aduwa ta shige tayar baya, fiii, iska ya tafi. Yaron ya zazzage leda, ga faci ga sholisho ga sifana, har ya manne tib ɗin tsaf cikin minti goma, sai yat tsaya shina sosa ƙeya.

"Yaya, famfon fa na baro shi kan benci."

Haka munka tura keke cikin rana kusan awa guda kafin mu sami mai facin babur a wani ƙauye. Ban da wannan, birkin baya na kuka kamar an taka ɗan kwikwiyo, sarƙa ta zame sau biyu kan tudu, sirdin ko katako ya fi shi tausayi. Giya dai na shiga daidai, taya mai faɗin kuma ta yi rana cikin rairayi, da na ɗauki na tseren da tun tungar farko zan saɓa shi a kafaɗa.

Abu guda da ya ƙara burge ni, dattijon bai ɓoye maganar tsaro ba don ya sami kuɗi. Ya ce la'asar ta same ni cikin gari, kuma in ina son ganin ganuwar Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarautar, kar in kama hanya sai na tambayi mutanen gari yadda ake ciki ranar, tun da anka sace ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta can a watan Yunin 2021 kowa na taka tsantsan.

Da munka dawo na ba shi labarin famfo, ya kalli yaron kallo guda bai ce komi ba, ya zaro ɗari biyar ya miƙo mini wai kuɗin wahala. Na ƙi karɓa, ya cusa mini aljihu. Zan koma wajenshi in Allah ya kai mu bukin Rigata na wasan kwalekwale, amma da sirdina zan zo da famfona. Ranar komawa Birnin Kebbi sai da uwargida ta aro mini filo nis shimfiɗa kan kujerar mota, bandar tarwaɗar da nis sayo na but tana ta ƙamshi har Jega.