Maganar keken hawa dutsen da kace in turo maka

Salamu alaikum ƙanina, ya gida, ya jikin Hajiya, ya kuke fama da zafi. Na ga saƙonka tun ranar Talata, na ƙi amsawa da murya ne don maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Hoton nan da ka gani ina tsaye da keke a kan dutsen Rosskopf kusa da manyan fankokin da ke ba da lantarki, shi yasa ka dage lallai irinsa kake so, to bari in baka labarin abin da ke bayan hoton tukuna sai mu san wanda ya dace da kai.

Keken nan Cube ne, kamfanin nan Jamus, kuma na hannu na saya a Kleinanzeigen, wato inda mutane ke saka kayansu na gwanjo a intanet, yuro 450 na biya bayan ciniki kaɗan don su nan basa son dogon ciniki. Tayarsa inci 29 ce, shokozoba a gaba kawai, birkin mai. Garinmu Freiburg a gindin duwatsu yake, ranar Asabar da safe zaka ga har dattijo mai furfura yana tuƙa keke zuwa saman Schauinsland, dutsen da tsayinsa ya kai mita 1,284, shine nima abin ya shiga raina. Akwai ma doka a jiharmu ta Baden-Württemberg, ba'a yarda ka bi hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba da keke, sai dai hanyoyin da aka ware irin su Borderline da Canadian waɗanda ƙungiyar masu keke ta garin ke kula dasu.

To wata uku da saye giya ta fara tsalle, in na taka da ƙarfi a hawa sai inji ƙaras, ƙafa ta zame. Na tura shi wani shagon gyara da tunanin irin na gida, in zauna a benci a duba min in hau in tafi. Mutumin ya buɗe kwamfuta yace sai bayan sati uku akwai gurbi, don lokacin bazara ne kowa ya fito da kekensa. Da ranar tazo na karɓi takarda, sarƙa sabuwa, haƙoran baya sababbi, takalmin birki, sannan kuɗin hannu shi kaɗai ya kusa kamo kuɗin kayan, gaba ɗaya wajen yuro 180, kusan rabin kuɗin keken fa. A hanyar komawa gida ba wanda nake tunawa sai Baba mai faci na gindin darbejiyar bakin layinmu. Ka tuna yadda yake zare tif ya ɗan buga masa iska ya dinga tsoma shi cikin tsohuwar roba mai baƙin ruwa yana juyawa a hankali har sai kumfa ta taso, ya soka tsinken ashana a hujin don kar ya ɓace masa, ya kankare wurin, ya shafa sholisho da yatsa ya hura ya jira ya sha iska, sannan ya yanko faci daga wani mataccen tif ya manna ya bubbuga da ƙotar sukundireba. Duk wannan yana yi yana sauraron rediyo yana tambayarka ya makaranta, kuma in baka da kuɗi yace jeka ka kawo gobe. Nan ba shagon da zai tsaya yi maka faci, tif ɗin zasu jefar su sa sabo, don minti goman ma'aikaci ya fi tif tsada. Wallahi sai da nazo nan na san darajar hannun mutumin nan, mutum ne da zai miƙe wilin da ya karkace da ido da ɗan ƙaramin sifana kawai.

Amma kar in zalunce su, aikinsu yana da kyau. Kowane noti da ma'auninsa ake ɗaure shi, akwai sifana mai ƙara in ya kai iyaka sai yace ƙat, a jikin wuyan keken ma an rubuta 5 Nm, ba ɗaurin sai ƙarfinka ya ƙare ba wanda ke cinye zaren noti. Ta wajen kaya kuwa ba'a magana. Ko wane ɗan ƙaramin abu na Shimano, kamfanin da ke yin giya da birkin keke, yana da lambarsa, ka nema a waya da daddare, kwana biyu ko uku mai kawo saƙo ya buga ƙararrawa, in bai yi daidai ba doka ta baka kwana 14 ka mayar in ta intanet ka saya, kuma sabon kaya yana da shekara 2 da mai sayarwa zai ɗauki nauyi in da matsala ya zo. Ba fargabar jabu kamar yadda muke juya kwali a kasuwa muna duba rubutu. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke ruf, amma a bangon wasu shagunan keke akwai akwatin ƙarfe irin na sayar da sigari na da, ka zura kuɗi ya sako maka tif. Sannan akwai wuraren da suke ce wa Selbsthilfewerkstatt, kayan aiki nasu hannu naka, ka bada ɗan abin da ya sauwaƙa, wani ya tsaya yana nuna maka amma ba zai karɓi sifanar daga hannunka ba. A nan na koya.

Yanzu ɗakin ajiyarmu na ƙarƙashin bene shine garejina. Na sayi ƙarfen rataye keke a Decathlon (shagon kayan wasanni), saitin alanki, famfo mai agogo, da wani ɗan siririn ƙarfe da bai kai yuro 10 ba wanda da na san shi da wuri da ban yi waccan asarar ba. Ma'aunin sarƙa ne. Ita sarƙa tana cinyewa a gaɓoɓinta har ta ƙara tsawo ba tare da ido ya gani ba, in ka bari sai ta cinye haƙoran baya su zama kamar ƙugiya, shine giya ke tsalle. Kana ɗora ƙarfen a kai, in bakin da aka rubuta 0.5 ya faɗa ciki a keke mai giya 11 ko 12 a baya to canza, in mai 8 ko 9 ne zaka iya kaiwa 0.75. Sarƙa ɗaya da wuri ta fi sarƙa da haƙora a makare, duk wata nake aunawa yanzu.

Wajen mai kuma tarbiyyar gida ta cuce ni. Mu dai mun saba a wanke sarƙa da kananzir a zuba baƙin mai har yana ɗiga. Nan na samu na fesawa na fesa son raina, ashe ya fantsama kan faifan birkin baya. Washegari a gangara na matsa birki sai ihu yake kamar ana yanka akuya kuma baya kamawa, na tsorata ƙwarai don gefena rami ne. Takalmin birkin in ya sha mai ya tashi aiki, sai sabo, faifan kuma a goge shi da sifirit. Yanzu ɗigo ɗaya nake sawa a kowace gaɓa, in juya feda, in sa tsumma in goge na waje tas. Kai da ke cikin ƙurar hunturu wannan ya fi shafarka, mai da yawa da ƙura in sun haɗu kamar ka zuba wa sarƙa yashi ne.

Birkin mai ɗin nan shine babban dalilin da yasa nake ja da baya kan turo maka irin nawa. Daɗi kam akwai, yatsa ɗaya ya isa. Amma in iska ta shiga layin sai hannun ya zama laɓo-laɓo har ya taɓa sitiyari, sai an yi masa zuƙa da sirinji da ɗan mazurari na musamman. Kuma Shimano jan mansa na daban yake sha, yawancin birkin kamfanin SRAM da ke hannun mutane kuma man DOT suke sha irin na birkin mota, in aka yi kuskure aka zuba na mota a Shimano robobin ciki sun lalace kenan. Ka faɗa min tsakani da Allah, in ya samu matsala a gida me za'a fara zuba masa? Haka shokozoban, RockShox masu ƙera shi cewa suka yi duk awa 50 na tuƙi a buɗe ƙafafunsa a canza mai, ni kaina sau ɗaya na taɓa yi kuma sai da na ɓata yini guda.

Cikin abubuwan da na ƙara wa keken, sirdin da ke sauka da tashi in ka danna maɓalli yana da amfani a gangara amma kai ba ruwanka dashi. Feda mai faɗi mai ƙusoshi ta yi, ka dai riƙe cewa ta hagu zarenta a juye yake, wajen kwancewa dama ake murɗa ta. Wanda ya burge ni sosai shine cire tif gaba ɗaya, a liƙe cikin wili da tef a zuba wani farin ruwa kamar madara a taya, ƙaya in ta huda sai kaji tsss na daƙiƙa biyu ya toshe da kansa. Tsidau ɗin hanyar gonar Kawu na tuna, da ko sati bama yi ba faci. Matsalar ruwan yana bushewa bayan 'yan watanni ko a sanyin nan, balle zafin Afrilu, kuma in ya ƙare ina zaka samo.

Don haka ga shawarar da na yanke. Zan nemo maka tsohon keken dutse mai ƙwari, taya inci 26, giya 8 a baya, birki na waya, wanda Baba zai kalla ya gane komai a jikinsa, irinsu nan an daina yayi suna nan birjik da araha. Zan haɗo da sarƙa biyu, wayoyin birki da na giya, takalman birki, taya mai kauri, ma'aunin sarƙa da saitin alanki biyu, ɗaya naka ɗaya ka kai wa Baba kace inji ni. Kafin nan ka leƙa kasuwa ka tambayo min ko ana samun tif mai inci 26 mai bawul irin na mota cikin sauƙi, sannan ka tsaya jikin bango ba takalmi a auna min tsayinka da santimita, don firam ɗin da girma-girma yake zuwa. Akwai wani ɗan uwa da zai loda kwantena daga Hamburg bayan sallah, ina so in shiga cikin kayansa. Ka gaida Hajiya da kyau, kace maganin ƙafarta na nan tafe tare da keken.