Tausar ƙarfe a ɗakin gashin ƙashi: abin da ta yi wa agarata

Ni tela ne a Gombe, keken ƙafa nake takawa, kuma agarar ƙafata ta dama ta daɗe tana hana ni taka ƙasa da asuba. A wani ɗakin gashin ƙashi (fisiyo) aka yi mini wannan tausar da ake yi da ƙarfe.

Ƙarfen mai santsi ne, ba ya tsatsa, bakinsa a dakushe, an lanƙwasa shi yadda zai hau kan sharaɓa. Wanda ya fi suna shi ne na Graston, da aka fito da shi a Amurka a shekarun 1990, ko da yake 'yan Sin sun daɗe suna irin wannan kartar fata. Likitar ta fara shafa mai, ta karkata ƙarfen, ta riƙa jan sa daga sharaɓa zuwa dunduniya. Inda tsoka take lafiya sai ya wuce sumul. Inda ta ɗaure kuwa, sai ka ji gurus-gurus a ƙarƙashin fata, ita ma tana ji a hannunta. "Malam, in zafin ya wuce misali ka faɗa mini," in ji ta. 'Yan mintoci kaɗan take yi a wuri guda. Fatar ta yi ja, har da ƙananan ɗigon jini a ƙarƙashinta, suka baje daga baya.

Ƙafar takan saki nan take, wannan gaskiya ne. Amma sauƙin ba ya jimawa, kuma kowane zuwa da kuɗinsa. Abin da ya zaunar mini da sauƙin shi ne atisayen da ta haɗa ni da shi: in tsaya a bakin matakala, in ɗaga dunduniya, in sauke ta a hankali. Binciken masana ma bai nuna ƙarfen shi kaɗai yana warkarwa ba.

Abin da ya fi burge ni tambayoyin da ta yi kafin ta taɓa ni: ko ina shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko akwai rauni, karaya, ciwon suga ko daskarewar jini a ƙafa. Shi ya sa nake jin tsoron masu sayen ƙarfen a intanet suna kartar mutane a gida. Kafin ka miƙa ƙafarka, tambayi ko mai aikin yana da rajista da hukumar MRTB, mai yi wa masu aikin gashin ƙashi rajista a Najeriya.